FILIN KIMIYYA DA FASAHA: Tsohuwar Kwamfuta, Sabuwar Firinta, Wa Zai Yi Tafinta?

Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma a kasuwar kwamfuta ba a cika aiki da wannan karin magana ba. Na'urar da aka saya jiya da kuɗin gina gida, yau sai a ce ta tsufa, a jingine ta a lungu ƙura ta rufe ta, alhali kuwa babu abin da ya ƙone a cikinta. In aka bi diddigi, sau da yawa za a tarar ƙarfen lafiyarsa lau, abin da ya faru kawai shi ne ta daina jin harshen sababbin na'urorin da ake so a haɗa ta da su. A wannan mako filin nan zai ɗauki misali guda ya bi shi daki-daki, watau yadda ake sa tsohuwar kwamfutar ƙwararru ta kamfanin Silicon Graphics ta yi bugu da firinta mai feshin tawada. Aikin yana da wuya, amma darasin da ke cikinsa ya shafi duk wanda ya taɓa sayen na'ura da guminsa.

Kwamfutar Da Ta Yi Zamani

An kafa kamfanin Silicon Graphics, wanda aka fi sani da SGI, a jihar Kalifoniya ta Amurka a farkon shekarun 1980, a ƙarƙashin jagorancin Jim Clark, wani malami na Jami'ar Stanford. Kwamfutocinsa na injiniyoyi ne da masu binciken kimiyya da masu shirya fim, ba na wasan yara a gida ba. Da su aka zana manyan dabbobin nan na fim ɗin Jurassic Park na shekarar 1993. A wannan shekara ce kuma kamfanin ya fito da samfurin Indy, sa'an nan O2 a 1996, da Octane a 1997. Dukkansu suna aiki da ƙwaƙwalwar lissafi ƙirar MIPS, kuma babbar manhajar da ke gudanar da su ita ce IRIX, wadda reshe ce daga zuriyar Unix.

To, amma gaba da gabanta. Kwamfutoci masu araha da ke aiki da ƙwaƙwalwar Intel suka yi ta ƙara ƙarfi har suka cinye kasuwar. An daina ƙera kwamfutoci masu IRIX a ƙarshen 2006, kamfanin ya karye a 2009, tallafin IRIX ya ƙare a watan Disamba na 2013, kana a 2016 kamfanin Hewlett Packard Enterprise ya saye kamfanin da ya gaji sunan. Saboda haka wanda ke riƙe da Indy ko O2 a yau ba shi da ofishin da zai kai kuka. In yana son ta buga masa takarda, sai dai ya ɗaura ɗamara da kansa.

Harsuna Biyu Da Ba Sa Jin Juna

A duniyar Unix ta wancan lokaci, manhajoji suna fitar da shafin da za a buga da harshen PostScript, wanda kamfanin Adobe ya fito da shi a 1984. Wannan harshe yana bayyana shafi ne kamar yadda mai gida ke yi wa magini bayani: a ja layi daga nan zuwa can, a rubuta harafi kaza da girma kaza, a cike wannan da'ira da launi kaza. Firinta ce za ta karanta bayanin ta yi lissafin inda kowane ɗigo zai sauka, don haka dole ta kasance da ƙwaƙwalwa tata mai ƙarfi. Firintar LaserWriter da Apple ya fitar a 1985 an sayar da ita dala 6,995, kuma ƙwaƙwalwar da ke cikinta ta fi ta kwamfutar Macintosh da ake haɗa ta da ita sauri.

Firinta mai feshin tawada ta bi wata hanya dabam. Kamfanin HP ya fito da ThinkJet a 1984 da DeskJet a 1988. Irin tasa da ta Canon suna zafafa tawada ne cikin ƙiftawar ido har ta yi kumfa, kumfar ta turo ɗigo ta wani ɗan siririn bututu. Shi kuwa Epson yana amfani da wani ɗan ƙanƙanen sinadari da ke lanƙwasa in lantarki ya ratsa shi, sai ya matso tawadar waje, kuma a 1994 ya fitar da Stylus Color mai saka ɗigo 720 a kowane inci. Arahar waɗannan na'urori ta samo asali ne daga rage musu ƙwaƙwalwa. Ba su jin PostScript. Kowace tana da nata harshen umarni, na HP ana kiransa PCL, na Epson kuwa ESC/P2, kuma abin da suke jira shi ne a ba su ɗigo-ɗigo a jere, an riga an gama musu lissafi.

Manhajar da ke wannan lissafi ita ake kira direba, ko da yake sunan da ya fi dacewa da aikinta shi ne tafinta. Faifan da ke zuwa cikin kwalin firinta yakan ƙunshi direban Windows da na Macintosh kurum. Mai IRIX ba ya cikin lissafi. In ya tura shafin PostScript kai tsaye, firinta takan ɗauki umarnin a matsayin wasiƙa, ta shiga buga shafi bayan shafi na rubutu marar ma'ana har takarda ta ƙare.

Abin Da Tafinta Ke Yi

Ya kamata mai karatu ya san nauyin da ke kan wannan tafinta kafin a zo batun ƙera shi. Da fari yana mai da shafi zuwa ɗigogi. Takardar A4 faɗinta inci 8.27 ne, tsawonta 11.69. In aka saka ɗigo 720 a kowane inci, shafi guda ya haura ɗigo miliyan 50, kuma in za a riƙe cikakken launin kowane ɗigo ana bukatar kimanin megabayit 150. Ƙaramar Indy kuwa da megabayit 16 ta fito a ma'ajin aikinta, iyakar abin da za a iya ƙara mata 256 ne. Don haka ake yanka shafin zara-zara, a gama da zara ɗaya a tura, kana a ɗauko ta gaba.

Na biyu, yana juya launi. Fuskar kwamfuta tana haɗa launi da haske iri uku, ja da kore da shuɗi, ita kuwa takarda da tawada huɗu: shuɗi mai haske, da ja mai ratsin shunayya, da rawaya, da baƙi. Dole kuma a auna yawan tawadar, domin in ta yi yawa takarda ta jiƙe ta kumbura, launuka su malale cikin juna.

Na uku, yana warware wata matsala mai ban sha'awa. Bututun firinta bai san rabi ba, ko dai ya fesa ɗigo ko ya bari. To, yaya za a sami ruwan toka daga baƙar tawada? Sai a warwatsa ɗigogin, a cika su inda ake son duhu, a rage su inda ake son haske, ido ya haɗa sauran. Sananniyar dabara a nan ita ce wadda Robert Floyd da Louis Steinberg suka wallafa a 1976. In aka sa ɗigo ya fi duhun da ake so, ko ya gaza, sai a kasa bambancin kashi 16, a ba maƙwabcin gaba kashi 7, a raba sauran 9 ga maƙwabta uku na layin ƙasa, ɗaya 3, ɗaya 5, ɗaya 1. Kamar bashi ne da ake miƙa wa na gaba har shafi ya ƙare babu wanda aka cuta.

Na huɗu, yana yin saƙa. Tazarar da ke tsakanin bututun kan firinta ta fi ta layukan ɗigo faɗi, saboda haka kan yakan ratsa wuri ɗaya sau da dama, kowane zagaye yana cike gurbin da na baya ya bari. In lissafin saƙar ya kuskure, sai a ga ratsi-ratsi a jikin hoto. Bayan duk wannan ne ake naɗe ɗigogin cikin harshen firintar a tura mata.

Daga Ina Rubutun Asali Ya Fito?

Manhaja tana da kama biyu. Akwai rubutun asali, wanda ɗan Adam ya rubuta kuma ɗan Adam zai iya karantawa ya gyara, akwai kuma ƙerarriya, wadda aka riga aka juya zuwa lambobin da ƙwaƙwalwa iri ɗaya tak ke fahimta. Direban da aka ƙera wa Intel da Windows ba shi da amfani ga MIPS da IRIX. Amma wanda ya sami rubutun asali zai iya ƙera shi daidai da na'urarsa.

Abin lura shi ne, gwagwarmayar sakin rubutun asali ga jama'a tana da tushe a kan rigimar firinta. Wajen shekarar 1980, a ɗakin bincike na jami'ar MIT da ke Amurka, an sami sabuwar firintar Xerox wadda takarda ke yawan maƙale mata. Richard Stallman, wanda a da ya gyara manhajar tsohuwar firintar wurin don ta riƙa sanar da mutane in ta cije, ya nemi rubutun asalin sabuwar, aka hana shi, domin wanda ke da shi ya sa hannu a kan alkawarin ɓoye sirri. Wannan na cikin abubuwan da suka tunzura shi ya shelanta shirin GNU a 1983, shirin samar da manhajar da kowa ke da 'yancin karantawa da gyarawa da rarrabawa.

Daga wannan tafarki ne kayan aikin mai IRIX suka fito. A 1988 L. Peter Deutsch ya saki Ghostscript, manhajar da ke karanta PostScript a cikin kwamfuta ta mai da shi ɗigogi. A ƙarshen shekarun 1990 Michael Sweet ya rubuta wani ɗan direba domin manhajar gyaran hoto ta GIMP, kana a 1999 Robert Krawitz ya ɗauki aikin ya faɗaɗa shi tare da masu sa kai daga ƙasashe da dama. Aka kira shi Gimp-Print, daga baya aka sauya masa suna zuwa Gutenprint, ya kuma yi fice wajen firintocin Epson. Shi ma HP ya saki nasa direban mai suna HPIJS a 2001. Inda kamfani ya ƙi bayyana harshen na'urarsa, kamar DeskJet 720 da 'yan uwanta, masu sa kai sun zauna sun yi ta nazarin abin da ke ratsa waya har suka gano shi, suka rubuta pnm2ppa. Lalle hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ranar Shiga Maƙera

Ba a fafe gora ranar tafiya. Abu na farko da za a duba shi ne waya. Indy da O2 suna da tsohuwar kafar firinta mai faɗi, wadda IRIX ke kira /dev/plp, amma ba su da kafar USB, alhali kuwa firintocin baya-bayan nan sun yar da tsohuwar kafar. In kafa ba ta dace ba, sai a bi ta wayar sadarwa, a nemi firinta ko ɗan akwatin haɗi da ke karɓar aiki ta mashiga mai lamba 9100, ko 515 ta tsohon tsarin Unix.

Na biyu shi ne maƙeri, watau manhajar da ke juya rubutun asali zuwa lambobin na'ura. Na kamfanin SGI, mai suna MIPSpro, sai da lasisin kuɗi. Mafi yawan mutane sukan koma ga GCC na shirin GNU, wanda SGI ya riƙa rarrabawa cikin tarin manhajojin kyauta da ke sauka a /usr/freeware. Gimp-Print da harshen C aka rubuta shi, HPIJS kuwa da C++, don haka mai firintar HP ya tabbata maƙerinsa yana jin duka biyun. Ana kuma bukatar make na GNU, domin wanda ya zo da IRIX ba ya gane waɗansu ƙa'idojin da marubutan suka bi.

Na uku shi ne zaɓen fitowar da ta dace, kuma a nan ne ake shiga tsaka mai wuya. Sabon Gutenprint ya san sababbin firintoci, amma yana iya neman maƙeri da kayan aikin da tsohuwar na'ura ba ta da su. Tsohon Gimp-Print 4.2, wanda ya fito a 2001, ya fi sauƙin ƙeruwa a IRIX, amma bai san firintar da aka yi bayan zamaninsa ba. Mai hankali yakan duba jerin na'urorin da kowace fitowa ta sani tun kafin ya kashe dare a banza.

Ƙirar kanta taki uku ce. Umarnin configure yana bincika na'ura, ya yi mata tambayoyi da yawa, ya rubuta tsarin aiki daidai da amsoshin. Umarnin make yana yin ƙirar, a kan tsohuwar ƙwaƙwalwa kuwa sai an yi haƙuri, sannu ba ta hana zuwa. Sa'an nan make install ya ajiye kowane abu a mazauninsa. A da can, ƙara direba yana nufin a cusa shi cikin Ghostscript a sake ƙera Ghostscript ɗin gaba ɗaya. Zuwan tsarin IJS ya sauƙaƙa lamarin, domin direba ya koma manhaja mai zaman kanta, Ghostscript yana miƙa masa ɗigogi ta wani bututun sadarwa.

Akwai ramuka biyu da suka fi kama baƙo. Na ɗaya, IRIX tana da salon ƙira uku, o32 da n32 da 64, kowane da rumbun kayansa, kuma ba a gauraya su. Abin da ke rikita mutane shi ne rumbun /usr/lib na tsohon salo ne, na n32 yana /usr/lib32. In aka ƙera direba da salo ɗaya aka nemi haɗa shi da kayan wani salon, aikin zai tsaya cik. Na biyu shi ne jerin lambobi. Bahaushe yana cewa ashirin da ɗaya, Balarabe kuwa yana fara ambaton ɗayan kafin ashirin. Haka MIPS a ƙarƙashin IRIX ke fara ajiye babban ɓangaren lamba, Intel kuma ƙaramin. Marubucin da bai gwada aikinsa a wajen Intel ba yana iya barin kuskuren da ba zai bayyana ba sai a irin wannan na'ura, launi ya birkice ko firinta ta ƙi motsi.

Ɗaura Shi A Layi

Gama ƙira ba gama aiki ba ne. IRIX tana da mai tsara layin bugu na zuriyar System V, wanda ke karɓar takardun jama'a ya jera su. Da umarnin lpadmin ake yi wa firinta rajista, a faɗi kafarta, a kuma ba ta ɗan gajeren rubutun umarni da ke cewa duk abin da ya zo a fara miƙa shi ga Ghostscript da direba. Sa'an nan a buɗe layin da accept da enable, a tura shafin gwaji da lp, a duba halin da ake ciki da lpstat.

Shafin gwaji shi ne likita. In ya fito da rubutu marar kai da gindi da ya soma da %!PS, to an tsallake tafinta. In rubutu ya yi ta gangarawa dama kamar matakalar bene, dalili shi ne Unix alama ɗaya take sawa a ƙarshen layi, firintoci da yawa kuwa biyu suke jira, ta sauka ƙasa da ta komawa farkon layi. In an ga fararen ratsi, a fara zargin toshewar bututu kafin a zargi direba, kuma Gimp-Print yana zuwa da escputil mai gwada bututun Epson ya wanke su. In kuwa babu abin da ya fito sam, a duba ko mai tsara layin yana da izinin taɓa kafar.

Mai buga Hausa yana da ƙarin abin lura. Salon haruffa 35 da aka saba samu cikin firintocin PostScript ba su ƙunshi ɓ da ɗ da ƙ ba. Direba ba ya ƙirƙiro harafi, abin da aka ba shi yake fesawa. Dole a cusa salon haruffa mai lanƙwasa cikin takardar tun daga manhajar rubutu, in ba haka ba sai ƙasa ta koma kasa, ko a bar gurbi fari.

Wa Ke Da Na'urar?

A yau akwai gajeriyar hanya. Ana iya ajiye 'yar ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi a tsakani, a sa mata CUPS, tsarin bugun da Michael Sweet ɗin nan ya fitar a 1999, tsohuwar kwamfuta ta tura mata PostScript, ita ta yi tafintan. Wannan ya fi sauƙi, kuma ko ta wace hanya aka bi, ya kamata a nisanta IRIX daga intanet, tun da babu mai toshe mata ɓaraka. Masana'antar kanta ta juya. Tun fitowar AirPrint a 2010, da tsarin IPP Everywhere bayansa, sababbin firintoci suna karɓar aiki da harshe na bai ɗaya ba tare da direba na musamman ba, kuma a 2023 Microsoft ya ba da sanarwar zai janye a hankali daga rarraba direbobin kamfanonin firinta ta hanyar sabunta Windows.

Wannan ci gaba ne, amma yana da wani gefe. Dā kwamfuta ce ta tsufa ta rasa tafinta, yanzu kuwa tsohuwar firinta ce za ta riƙa rasa shi a gaban sabuwar kwamfuta. A ƙasar da makarantu da shagunan buga takardu da ƙananan ofisoshi suka dogara ƙwarai da kayan gwanjo, irin waɗanda ake saye a kasuwar kwamfuta ta Ikeja, maganar ba ta nesa ba ce. Na'urar da direbanta ke kulle a aljihun kamfani, ranar da kamfanin ya juya baya ta zama juji, ko da injinta bai yi rabin rayuwarsa ba. Wadda harshenta ke a bayyane kuwa, muddin akwai mai haƙurin zama ya ƙera mata tafinta, tana nan da rai. Shaida ita ce kamfanin da ya ƙera Indy ya shuɗe, amma rubutun Ghostscript da na Gutenprint suna nan ga duk mai bukata.

Saboda haka mai niyyar sayen firinta, sabuwa ko ta gwanjo, kada ya tsaya ga tambayar farashi da kuɗin tawada kaɗai. Ya tambaya ko tana jin harshen bai ɗaya, ya duba ko sunanta yana cikin jerin da shirin OpenPrinting ke ajiyewa na firintocin da ke da buɗaɗɗen direba. Hukumomin da ke sayen na'urori da dukiyar jama'a su ne suka fi cancanta su yi wannan tambaya, makarantun fasaha kuma su koya wa ɗalibai ƙera manhaja daga rubutun asali, ba danna maɓalli kurum ba. Wanda ya biya kuɗin ƙarfe amma tafinta na hannun wani, bai gama mallakar kayansa ba, domin zanen aro ba ya rufe katara.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai rai.